Firintar Baba da Rubutun Sha

Shekarar da hannun Baba ya fara rawa ita ce shekarar da ƙanwata ta samu ciki na uku, bayan biyu sun zube. Baba faki ne, wato malamin allo, rabin ƙauyenmu sun sha rubutunsa, amma yanzu in ya ɗauki alƙalami sai ka ce kaza ta bi ta kan allon. Ita kuwa ta kafe, ba za ta sha na kowa ba sai na gidanmu.

Ni ina aikin ofis a Damazin, kaina na hayaƙi. Na ce, "Baba, duniya ta ci gaba. Firinta zan kawo."

A kasuwa mai shago ya ajiye mini guda biyu. "Ya zol, bawan Allah," in ji shi, "wannan mai tawada ce, ɗigon ruwa ya taɓa takardar, shike nan ta dame. Wannan kuwa leza ce, ko a kogi ka jefa rubutun yana nan." Wa zai ji haka ya ɗauki raguwa? Na rungumo leza kamar ragon suna.

Da wuta ta zo muka buga ayoyin, baƙi wuluk, gwanin sha'awa. Baba ya tsoma takardar cikin kwano. Ya cuɗa, ya sake cuɗawa. Takarda ta zama kunu, haruffa suna manne da ita daram.

"Mi kak kawo min?" ya ce. "Rubutun da ba ya wankuwa, uban wa zai sha shi?"

Wallahi sai a lokacin na tuna abin da aka saye ta dominsa. Na koma Damazin ina zufa, na musanyo mai tawadar. Wannan kam ta wanku, har ruwan ya yi shuɗi-shuɗi yana warin asibiti. Baba ya shinshina ya ce ko akuyar maƙwabci ba zai ba, balle 'yarsa. Ina fita, ya ɗura wa firintar tawadarsa ta baƙin tukunya da ƙaro. Firinta ta yi tari sau biyu, ta ce ga garinku nan.

Na fara masifa, ya ɗaga mini hannun nan mai rawa. Ban taɓa kallon hannun da kyau ba sai ranar, kuma tsoro ya kama ni.

"Zauna," ya ce. Ya turo mini allo da alƙalami.

Rabona da alƙalamin kara tun ina yaro. Yana karantowa ina rubutawa, ƙanwata na zaune bakin ƙofa da kwanonta tana jira. Da na gama ya kawo allon dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, mummuna ne," ya ce. "Amma zai wanku. Miƙa mata."