Tsahara, Ke Ba Wanda Ya Ɗaura Miki Agogo

Mai bayarwa Ya karɓi abinSa, kuma dukanmu can muka nufa. Ranar Talata, goma sha biyu ga Sha'aban 1446, daidai da 11 ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminiyata Tsahara Kailu a gidansu na unguwar Biafra, cikin Treichville. Bayan la'asar aka kai ta makwancinta a Williamsville. Ba ta cika hamsin ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar mahaifiya, Inna Mero, da yayye maza biyu. Ni Hadijatu, ƙofar ɗakina tana kallon tata a tsakar gida ɗaya tun muna 'yan mata, saboda haka abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba.

Tsahara, mutanen Adjamé sun san ki da rumfar atamfa a kasuwar Bracodi, da dariyar nan taki da ake jiyowa daga bakin titi. Mu a gida da wani abu muka san ki. Shekarar rikici, da kowa ya kulle ƙofarsa yana ɓoyon abin da ya rage masa, ke kika jawo buhun shinkafarki tsakar gida kika raba ɗaki ɗaki. Madam Akisi, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Baule, har yau ba ta iya ba da labarin ba tare da ta share ido ba.

Sannan ciwon mantuwa ya kama Inna. Da fari gishiri take zubawa a shayi. Daga baya ta fara kiran ki da sunan ƙanwarta da ta rasu tun a garin Tawa. Faransancin da ta tsinta a kasuwa ya gudu, Julanci ya bi bayansa, sai Hausar ƙuruciyarta kaɗai ta rage mata. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka yi ta raɗa cewa iska ce. Ke kika kai ta likita, kika ji sunan ciwon, kika dawo kika rufe rumfarki. Ba ki sake buɗe ta ba.

Yayyenki ba su yi rowa ba, Allah shaida. Rabilu yana ƙasar waje, a Lyon, Nazir yana nan Cocody, a wani banki. Suka aiko da agogon hannu mai nuna inda mutum yake, wanda ke yin ƙara a waya idan mai shi ya faɗi. Suka aiko da akwatin magani mai magana. Suka sa aka maƙala kyamara a bango, tana kallon gadon Inna.

Ba zan zalunci kayan nan ba, sun yi rana. Wata safiya kina wanka Inna ta ɗauki mayafi ta fice, ta shiga bas ta haye gada. Agogon ne ya nuna mana ita a unguwar Bromakoté. Muka same ta zaune a ƙofar gidan da aka fara sauke ta lokacin da ta zo daga Nijar, gidan da yanzu ya koma shagon wayoyi. Ni na buɗe baki zan yi faɗa. Ke kuwa kika durƙusa kika gyara mata takalmi.

Ta ce, "Mai gidan bai dawo daga kasuwa ba?"

Kika ce, "Inna, tashi mu je gida, rana ta yi zafi."

Ta kama hannunki ta tashi kamar yarinya.

Akwatin maganin kuwa da Faransanci yake magana, da muryar wata Baturiya. Duk lokacin da ya yi kira sai Inna ta firgita ta hau neman tsari. Kika zauna da shi kina latsawa har kika gano yadda ake sa masa murya, kika sa taki: "Inna, ga maganinki, ki sha da bisimilla." Tun daga ranar ba ta ƙara ƙin sha ba.

Amma agogo ba ya wanke kashi, Tsahara. Akwati ba ya tauna wa tsohuwa loma. Kyamara ba ta taɓa juya Inna a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo ba. Abin da ta iya shi ne kai rahoto. A gabana wayarki ta sha yin ƙara: me ya sa ba a canza wa Inna zane ba, me ya sa aka bar ta ita kaɗai. Kina amsawa da "To, Yaya," hannunki cikin kumfar sabulu.

Da ciwon kai ya matsa miki, likitan unguwa ya ce jininki ya hau, sai an yi miki gwaji a babban asibiti. Kika roƙi Nazir ya zo ya zauna da Inna wuni ɗaya. Ina zaune na ji amsarsa.

"Ça va aller, ƙanwata, komai zai daidaita. Ai kullum ina kallon ku a waya."

Tsakanin Cocody da Biafra ruwa ne da gada. Tsohuwar da ba ta san sunanta ba ta haye gada don neman mijinta da ya mutu. Mai mota da hankalinsa bai haye ba.

Ranar Talatar nan gidan ya watse, kowa ya tafi nema. Kina bakin famfo kina wanke zanen gadon Inna kika faɗi. Ba wayar da ta yi ƙara, domin ke ba wanda ya ɗaura miki agogo. Kyamarar tana can tana kallon gado. Madam Akisi ce ta shigo ta tarar da ke kwance, Inna zaune kusa da kanki tana yi miki fifita da murfin kwano.

Inna ta ce, "Kada ki tashe ta. Yarinyar nan ta gaji."

A duk zuriyar Kailu, mai ciwon mantuwa ce kaɗai ta lura da haka.

Rabilu ya kalli jana'izarki ta waya. Nazir ya zo da farar shadda, ya karɓi gaisuwa, mutane suna ta ce masa yako, sannun mutanen nan. Ranar sadakar uku na ji shi yana gaya wa wansa cewa za a ƙara kyamara a tsakar gida. Na tashi na bar wurin don kada bakina ya ɓata miki zaman makoki.

An gaya wa Inna kin rasu. Ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, kafin magariba ta manta. Aka sake gaya mata, ta sake yin sabon kuka, sai na hana. Akwatin yana nan yana kira da muryarki safe da yamma, ita kuma tana amsawa, "Na'am, shigo mana." Na kasa kashe shi, don in ba muryarki ba, ba ta buɗe baki.

Ya Allah, Ka jiƙan Tsahara, Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta. Ka sa kowane zane da ta wanke ya zame mata sutura ranar da ba sutura sai taKa. Ta rasa hutu a duniya, Ka hutar da ita a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan kasuwar Bracodi, da mutanen gidanmu, da dangi na nan da na Tawa. Inna Mero, ban san ta yadda zan yi miki gaisuwa ba, Allah Ya yi miki da kanSa. Rabilu da Nazir, Allah Ya ba ku haƙuri. Na shimfiɗa tabarmata a ɗakin mahaifiyarku har zuwa arba'in. Bayan nan ina da tawa uwar, ita ma ta tsufa. Ku zo da ƙafafunku.