Kawu Sale da Tsohon Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai gyara shagon Kawu Sale a Gangare ya san ba ya kunna kwamfuta sai ya yi mata sallama. Zai cire hula, ya sunkuya kusa da akwatin, ya ce, "Baba, mun shigo." Wai akwai tsoho a ciki mai suna Bayos, ɗan shirin da ke fara farkawa ya duba allo da faifai kafin manyan manhajoji su karɓi mulki. Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, kuma ni kunyar wannan ɗabi'a tasa nake ji.

Wata rana Oga Dung, mai sayar da katako, ya kawo kwamfutarsa ta ƙi tashi.

"Malam Sale, abeg ka yi sauri, kwastoma yana jira."

"Ka gaishe ta da safe?"

"Kwamfuta zan gaishe?"

"To ai ka ga abin da ya jawo."

Ɗan batirin ciki kawai ya canza, amma bai bar Oga Dung ya fita ba sai da ya ce wa akwatin ƙarfe sannu.

Ga shi ba ya yar da komai. Matattun kwamfutoci sun cika shagon har rufi, kujerar baƙi ma wani tsohon akwati ne. Matarsa ta taɓa kiran mai gwangwan a ɓoye. Kawu ya bi mutumin a guje har bakin kasuwar Katako, ya dawo da kayansa a baro yana haki.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ce in rubuta ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke juya kwamfuta, ya iya canza yanayin allo. Amma da zarar kanel ɗin ya kira Bayos don ya canza allon, sai injin ya mutu ya sake tashi. Saura kwana uku a duba aikin, in ya ƙi kuma sai in maimaita shekara. Girman kai ya hana ni zuwa wurin mai gaida ƙarfe, sai da uwata ta kora ni.

Ya duba, ya yi dariya har da tari.

"'Yata, kina saman bene kina ƙwala wa tsoho kira da yaren zamani. Shi lissafin zamanin da kawai yake ji. Ki ajiye kayan hannunki inda za ki same su, ki rufe ƙofa kada wani ya katse ku, ki sauko ƙasa irin zamansa. Sai ki sa saƙonki a kwanonsa, ki buga lambar ƙofar allo. In ya gama, ki hau benenki ki kwashi kayanki."

Haka na rubuta, layi bayan layi. Allon ya canza, na ci jarrabawa, shi kuma ya shekara yana ba kwastomomi labari.

Da na samu aiki a Abuja, kiransa ɗaya ne kullum: "Injiniya, kanel ma yana saukowa. Yaushe za ki sauko?" Kullum sai in ce wata mai zuwa. Ranar da na sauko, an riga an kai shi, kuma wannan abin yana ci mini rai har yau.

Na buɗe shagon, na tsaya gaban tsohuwar kwamfutarsa, na ce, "Baba, mun shigo."

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa a amsa sallamarsa a ƙofar Aljanna.