Shirun Lambun Abu Nazih

A ƙauyenmu, can gindin dutse a yammacin kwarin Biƙa, an daɗe ba wanda ke duba agogo don ya san la'asar ta yi sakaliya. Abu Nazih ne agogon. Da an ji ƙarar bindigarsa daga ƙarshen gari, mata sun san lokacin ɗora tukunya ya yi, dattawan da ke shan gahawa a dandali kuma sai ɗaya ya ce, "To, sarkin gwangwani ya fita yaƙi, Allah Ya ba shi sa'a."

Sunansa na yanka Shafiƙ, amma tun da aka haifa masa ɗan fari sunan ya kwanta, aka koma kiransa Abu Nazih, wato uban Nazih. Ya yi shekara da shekaru yana jan motar fasinja tsakanin ƙauyen da birnin Zahle, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashin baki da yake ji da shi ƙwarai. Ba ya shan taba, ba ya karta, ba ya shiga rigimar siyasa. Abin da ya gada wurin mahaifinsa gida ne, da kurangar inabi, da wata bindigar farauta mai baki biyu. Da ƙuruciya ya sha hawa duwatsu bin makwarwa. Da hawan ya gagare shi, sai ya dawo da farautar bayan gida: ya jera gwangwanaye a kan katangar dutse ƙarƙashin ɓaure, inda babu komai a baya sai tudu, ya ja da baya ya sake musu wuta. Bai taɓa kuskure ba, kuma duk garin an shaida.

Matarsa Wadad, wadda ake kira Umm Nazih, doguwa ce siririya marar yawan magana. Mu da muka tsufa a ƙasar nan, kowa da abin da yaƙe-yaƙe suka bar masa. Ita abin da suka bar mata shi ne zabura. Ko ƙofa iska ta buga, sai abin da ke hannunta ya faɗi. Ta yi ƙorafi har ta gaji. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kullum.

"Hajiya, ai kin san lokacin. Abin da aka san lokacinsa ba ya ba da tsoro."

Ni dai ban taɓa jin hujja marar kan gado irin wannan ba, amma ya riƙe ta da gaskiyarsa. Ba mugu ba ne. Yana son matar nan so na haƙiƙa, sai dai yana cikin mazan da ke ganin in mace ta daɗe tana faɗin abu ɗaya, to ya zama al'ada, ba kuka ba.

Wata kaka, lokacin da ake dafa ruwan inabi ya zama maɗi, hadari ya haɗo da wuri. Abu Nazih ya ga in ya jira lokacinsa ruwa zai hana shi, sai ya fita tun kafin kiran sallar la'asar. Wadad na cikin sauke tukunya daga murhu ya harba. Maɗin ya kife mata a ƙafa. 'Yarsu Rudaina, wadda ke aure a Zahle, ta zo ta ɗauke ta zuwa asibiti, daga can ta wuce da ita gidanta don jinya.

Ƙafa ta warke, Wadad ba ta dawo ba. Sanyi ya shiga ya fita, itatuwa suka yi fure, har yanzu tana can. Abu Nazih ya koyi dafa wake, ya koyi inda ake ajiye sabulu, ya kuma gano cewa gidan nan da yake cewa nasa ne, ashe ita ce ke cikinsa, shi baƙo ne mai kwana. Bai fasa harbinsa ba, tun da ba wanda zai firgita, amma daɗin ya tafi. Kewa ta dame shi, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Duk mako yana zuwa gaishe ta da cuku da zaitun a leda. Ran nan ya ja Rudaina gefe.

"Wai likita ya ce sai yaushe?"

"Baba, likita ya sallame ta tuntuni. Ba ƙafa ce ta riƙe ta ba, kai ma ka sani."

Ya koma falo ya zauna kusa da matarsa, yana ta murza gashin baki, har dai ya ce, "Hajiya, fushin bai isa ba?"

"Ban yi fushi ba, Abu Nazih," in ji ta. "A nan ina riƙe kofi har in shanye bai zube ba. Shi ke nan."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fito bai san inda yake jefa ƙafa ba, sai ga shi a ƙofar wani shagon kayan farauta da ya saba sayen harsashi. A jikin bango ya ga bindigogin iska a rataye, irin waɗanda a wurinmu ake ɗauka na 'yan samari ne masu damun tsuntsaye. Ya nuna ɗaya da haɓa. Mai shagon ya sauko da ita, ya nuna masa yadda ake karya bakinta a sa 'yar ƙwayar dalma guda, a mayar, a harba. Ya gwada a bayan shago, ƙarar ba ta wuce ta mai tari ba.

"Jika za a saya wa, Alhaji?"

"I, jika," in ji Abu Nazih, idonsa a ƙasa. Ya sa aka naɗe masa ita a tsohon bargo, ya sauka daga mota kafin a kai dandali, ya bi ta bayan gonaki ya shiga gida.

Niyyarsa mai sauƙi ce. Zai saba da ita kwana biyu, sannan ya je ya gaya wa Wadad cewa lambu ya yi shiru, ta dawo ɗakinta. Ya goge tsohuwar bindigar ya sa a saman kabad, ya jera gwangwanayensa, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya damƙe sabuwar a kafaɗa da ƙarfi kamar yadda ya saba, ya danna. Gwangwani ko gezau. Ya sake. Ganyen ɓaure ya faɗo. Ya sake, ƙura ta tashi a jikin tudu. Har magariba bai taɓa ko ɗaya ba.

A nan gaskiya ta yi halinta. Tsohuwar bindiga watsa ƙwayoyi take yi, in ka nuna wajen katanga kawai, dole wani abu ya faɗi. Ashe duk shekarun nan ita ke rufa masa asiri. Wannan kuwa ƙwaya ɗaya take tofarwa, ba ta san girman gashin baki ba. Abu Nazih ya zauna a kan dutse, can kuma dariya ta kama shi, shi kaɗai a lambu. Amma dariyar ba ta kai ya yarda wani ya gani ba. Ya tashi ya sa wa ƙofar gida sakata.

Washegari bai je dandali ba, haka jibi, haka gata. Ya rantse ba zai fita ba sai ya iya. A hankali ya gane abin ba na ƙarfi ba ne. In ya damƙe ta, sai ta yi tsalle ta bauɗe. In ya ɗora ta a tafin hannu sakwa-sakwa, ya saki numfashi, ya ja kunamar a hankali, sai ta bi inda ido yake. Ranar da ya fara jin ƙwas a jikin gwangwani, farin cikin da ya ji bai taɓa jin irinsa a harbin makwarwa ba. Wani abin kuma, tsuntsaye ba sa tashi daga ɓauren. Yana jin ruwa na gudu a kwata, yana jin kiran salla daga farko har ƙarshe, yana jin ƙararrawar coci ta amsa daga ɗaya unguwar. Kunnensa ya daina ƙugi, kafaɗarsa ta daina tsami. Ya yi mamakin yadda lambun nan yake da daɗin zama bai sani ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne mutanen gari. A wurinmu in hayaƙi ya daina fita daga gidan mutum a kan tambaya, balle bindigar Abu Nazih. Maƙwabcinsa Taniyos, Kirista ne, abokin tsokanarsa tun suna yara, ya zo ya buga ƙofa.

"Abu Nazih, ka mutu ne? In ka mutu ka gaya mini in sa baƙar riga."

"Lafiyata ƙalau. Hutawa nake yi."

"To buɗe in ga hutun."

"Ban shirya ganin mummunar fuska da yamma ba. Je ka, sai an kwana biyu."

Taniyos ya koma gida jikinsa a sanyaye. Ya ce wa matarsa Salma muryar ba ta yi masa ba, kuma mutumin da ya ƙi buɗe ƙofa, ya ƙi harbi, ya ƙi gahawa, to akwai abin da yake ɓoyewa. Salma ba ta tsaya wata-wata ba ta buga wa Wadad waya. Abin da ta faɗa da abin da ta ƙara, Allah kaɗai Ya sani.

Washegari da la'asar Abu Nazih na tsaye a lambu, ya rufe ido ɗaya yana auna wani ɗan gwangwanin tumatir, sai ya ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Kafin ya sami inda zai tura bindigar, Taniyos ya riga ya ɗiro ta katanga, da tsufansa da komai, ya zare sakata. Wadad ta shigo da sauri tana ɗingishi, mayafinta ya zame, takalmin cikin gida ne a ƙafarta. Ta wuce ɗaki, ta leƙa gado, ta fito, ta zagayo baya. Ta same shi a tsaye, ja-wur da lafiya, da 'yar bindiga a hannu yana ƙoƙarin ɓoye ta a bayansa.

Taniyos ne ya fara magana. Ya dubi bindigar, ya dubi gwangwanayen da ke tsaye cur a kan katanga, ya riƙe ciki.

"Wannan ce cutar? Maƙwabci, gobe sai in kawo maka alewa da gajeren wando. Duk harbin nan biyu ka kayar?"

"Uku. Ɗaya ya faɗa baya."

"Iska ce ta taimake ka. Bari in je dandali, yau na sami abin shan gahawa."

Ya fita yana dariya, ya bar su su biyu. Wadad ba ta yi dariya ba. Ta jingina da itacen ɓaure tana mayar da numfashi. Abu Nazih ya ga haka, hankalinsa ya tashi, don ya san sarai cewa shi ya sake firgita ta, wannan karon ba tare da ya yi ko ƙara ba.

"Ina ta babanka?" ta tambaya.

"Tana saman kabad. Ba za ta sake saukowa ba."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"So nake in iya tukuna. Ban so ki zo ki tarar ina harbin ganye." Ya ɗaga bindigar ya ce, "Don ke na saya, Hajiya. Ki ji, ba ta da ƙara."

Ya karya bakin, ya sa ƙwaya, ya harba. Bai sami komai ba. Ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba, kuma ya lura. Sai ya yi tambayar da ke cinsa.

"Za ki koma Zahle?"

Ta dubi katangar ta amsa.

"Tun daga Zahle har nan addu'a nake yi in ji wannan tsinanniyar ƙara. Na ce ya Allah, in motar nan ta shigo gari, Ka sa in ji ta ko sau ɗaya. Shekara nawa ina zaginka daga ɗakin girki, amma in ta tashi na san kana tsaye da ƙafafunka. Yanzu in ina ciki, da me zan sani?"

Idon Abu Nazih ya cika, ya juya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin bindiga.

Wadad ta gyara mayafinta, ta dubi inuwar ɓauren, ta auna inda rana ba ta kaiwa.

"Ɗauko mini kujera ka ajiye a nan," in ji ta. "Da tiren wake, na ga ka bar shi duk tsakuwa. Kuma ka daina rufe idon da ƙarfi haka, kamar mai shan magani."

Ya jingine bindigar ya nufi ciki da sauri, ya manta da ciwon gwiwa.