Fistan Biyu a Gwangwanin Madara

Na fara saninsa a shekarar 1974, ranar Talata ta biyu a watan huɗu. Ina da tabbacin ranar domin a makarantar mishan an koya mana rubuta kwanan wata kafin a rubuta komai, kuma ban taɓa fasawa ba. Lokacin ina ƙaramin malamin firamare, na sayi babur na hannu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Shi kuma bai fi wata uku da buɗe rumfarsa ta kanikanci a bayan kasuwa ba. Kwanon rufi huɗu ne a kan sanduna, da benci, da akwatin sifanu. Ya yi sabon aure, matar tana da ciki. Ba a fara kiransa Kunne ba tukuna.

Na gaya masa babur ɗin ba ya da ƙarfi a hawa, kuma in na tsaya sai injin ya riƙa ɗaga murya shi kaɗai ba tare da na murza ba. Ya ce ringi ne ya cinye, wato zoben da ke jikin fistan. Ya canza ringi, ya goge hannu, ya ce in tafi har bangon duniya. Maganar ɗaga muryar kuwa bai bi ta kanta ba.

Bayan kwana tara na kama hanyar zuwa jarrabawar ƙarin girma, wadda ake yi sau ɗaya a shekara biyu. Saura mil bakwai injin ya yi zafi ya cije, tayar baya ta ja ƙasa. Na iso wurin jarrabawar da ƙafa, na tarar ana tattara takardu.

Washegari na turo babur ɗin rumfarsa. Akwai mutane a kan benci, har da mai injin niƙa da wasu masu babura biyu, duk sun zuba ido su ga aikin sabon bakanike. Ya kwance kan injin ya zaro fistan. Mai injin niƙa ya tambaya ko ba wannan ne aka gyara makon jiya ba. Ban san abin da ya sa ba, wataƙila matarsa da na gani ta kawo masa abinci tana tafiya da ƙyar, sai na ji bakina ya ce ni ne na manta ban zuba mai a fetur ba.

Aka yi ta dariya. Tun daga ranar aka laƙaba mini Malam Ba-Mai, har ɗalibaina suna faɗa a bayan idona. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya dubi fistan ɗin, ya dube ni, ya jefa shi cikin aljihu. Bai ce na gode ba, a ranar ko bayanta.

Daga baya na fahimci abin da ya gani, domin na shekara arba'in da wani abu ina zama a bencin nan da la'asar. Injin da aka hana mai, fistansa kan karce ko'ina, zagaye, cikinsa ya bushe ƙayau. Wanda iska ta yi wa satar shiga kuwa, gefe ɗaya yake ƙonewa, wajen salansa inda hayaƙi ke fita, fulogin ya yi fari kamar toka. A babur ɗina, sil ɗin da ke bayan magnet, wato robar da ke tare iska, shi ne ya tsage, iska tana shiga tana rage wa injin abinci. Ɗaga muryar da na faɗa masa, kukan yunwa ne.

Tun daga lokacin ya canza yadda yake aiki. Ba ya taɓa sifana sai ya saurari inji tukuna, kansa a karkace, idonsa a rufe. Sannan ya cire fulogi, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa a buga kika. In matsin ya ture yatsan da ƙarfi, ya san ringi da silinda lafiyarsu lau. In ya ji kamar numfashin tsoho, sai ya girgiza kai. Amma ko matsi ya yi kyau ba ya sallamar mutum. Yakan toshe bakin kafireta da na salansa da yankan tsohon tub, ya hura iska a ciki da famfon keke, sannan ya shafa kumfar sabulu da gashin kaza a kan kowane sil da kowace mahaɗa. Inda kumfa ta yi ƙwai, nan ɓarawon yake. Masu gaggawa su yi ta tsaki, shi kuwa ya ce musu iska ba ta sallama in za ta shiga gida.

Sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Babur kan wuce a titi ya ce wannan ba zai kai Juma'a ba, kuma bai kai ba. Da wannan sunan ya ciyar da 'ya'ya shida, ya binne biyu, ya binne matarsa. Bai gina gida ba. Bai koyi karatu ba, ko da yake na yi tayi sau uku. Ya ce in bar shi da kunnensa, ni in riƙe alƙalamina, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai zamani ya juya masa baya. Aka daina kawo irin baburanmu, sababbin ba sa shan haɗi, matasan kanikawa kuma ba sa gyara, cirewa suke yi su sa sabo. Abin da ya rage masa shi ne ƙananan janareto, da injin feshi, da zarton yankan itace, da tsofaffi irina. Waɗannan ma don sunan suke zuwa. Ni kaɗai na lura ya fara ɗora bakin sukuddireba a jikin inji yana manna ƙotar a muƙamuƙinsa. Na lura in na yi magana ta hagunsa ba ya amsawa. Sai na koma zama ta dama.

Ni ma ba a bar ni a baya ba. Bayan rasuwar maiɗakina na fara ajiye abu in rasa inda na sa. Babban ɗana ya dage in bar hawa babur, in bar gidana in koma wurinsa a ɗaki na sama. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan cewa in aka sake samun wata mantuwa mai haɗari, zan ba da makullin babur ba gardama. Babur ɗin nan shi ne ƙafata. Da shi nake zuwa kabarin uwarsa, da shi nake zuwa benci.

Bara waccan, ranar sha ɗaya ga watan tara, injin ya cije a tsakiyar titi. Na faɗi na ƙuje gwiwa. Da ake ɗaga ni na ji wani abu a aljihun rigata. Kwalbar baƙin man da zan haɗa wa fetur ce, a rufe, ko buɗe ta ban yi ba.

Ɗana ya ɗora babur ɗin a mota ya kai rumfa, ni ina biye ina ɗingishi. Benci cike yake. Kunne ya kwance injin a hankali, ya zaro fistan, ya rufe shi da tafin hannu kafin kowa ya leƙa. Ɗana ya durƙusa kusa da shi, ya ce, “Baba Kunne, don girman Allah a faɗa mini gaskiya. Mai ya manta, ko?”

Sai da ya maimaita tambayar. Kunne ya ce, da murya mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, “Bar tsohonka. Sil ne ya tsage. Makon jiya ya kawo mini, injin yana kuka a gabana ban ji ba. Kunnen ya tafi, ɗana.”

Ba wanda ya yi dariya. Mai zarto, wanda ke jiran a duba nasa, ya zauna kaɗan don kunya, sannan ya ce zai je ya dawo. Ya ɗauki zartonsa. Bai dawo ba.

Kwalbar tana aljihuna, ina jin sanyinta a cinyata. An koya mini tun ina yaro cewa shaidar zur zunubi ce, kuma na koya wa yara fiye da dubu haka. Amma ban fito da kwalbar ba.

Magana ba ta da ƙafa amma tana tafiya. Kafin wata uku ba mai kawo masa ko famfon feshi. Yakan zo da safe ya share rumfa, ya kaɗa sabulu a kwano, ya zauna har kumfar ta kwanta. Sau ɗaya na buɗe baki in yi maganar kwalbar, ta damansa, da ƙarfi. Ya ce Malam Ba-Mai, yau kunnen ba ya aiki sam, sai ya miƙo mini ruwa. A wata na biyar aka ba mai cajin waya wurin. 'Yarsa ta ɗauke shi. Ni ma 'yancin da ya saya mini da sunansa bai daɗe ba. Bayan wata bakwai na ɓata hanyar gidana da rana tsaka, ɗana ya karɓi makulli. A ɗakin sama nake rubuta wannan, kuma ina sauri, domin jiya na daɗe ina neman sunan jikata.

Ya rasu ranar uku ga watan jiya. Bayan kwana goma 'yarsa ta zo da gwangwanin madara a ƙulle cikin tsumma. Ta ce Baba ya ce a ba Malam hannu da hannu, bai faɗi ko na mene ne ba, ita dai ta ga tarkacen ƙarfe ne. Da ta tafi na buɗe. Fistan biyu ne, an wanke su tas. Ɗaya ya yi tsatsa a ringinsa, ya ƙone gefe ɗaya, wajen salansa. Ɗayan sabo ne, a karce yake ko'ina, zagaye.