Tiyon Da Ya Ci Haƙƙin Elmer Zastrow

Cuta ce da ta yi wa masu haƙƙi yawa: idan doka ta ba mutum taku ɗaya, sai ya ga ai filin duka nasa ne.

Elmer Zastrow, makerin injinan tatsar shanu a wani ƙauyen Wisconsin, ya ƙirƙiro bawul, wato abin buɗewa da rufe hanyar madara a injin, wanda ba ya ji wa hantsa ciwo, hukuma kuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirarsa. Amma ya kafa sharaɗi: ba ya sayar wa manomi bawul sai ya haɗa da tiyon roba na shagonsa, alhali tiyon ba ya cikin takardar.

Da wani babban kamfani ya kwaikwayi bawul ɗin, Elmer ya kai ƙara. Kamfanin bai ko wahalar da kansa da musun satar ba. Cewa ya yi Elmer ya yi amfani da takardar wajen yin babakere a kasuwar tiyo, saboda haka kada kotu ta kare shi.

Lauyarsa, Verna Dombrowski, ta same shi a maƙera.

"Dattijo, ka saki tiyon nan. Ka janye sharaɗin, haƙƙinka ya dawo, mu shaƙe ɓarayin."

"Ni aka yi wa sata, kuma ni zan tuba? Tiyon kasuwa na banza tsagewa yake, sannan a ce laifin bawul ɗina ne!"

"To ka faɗi irin tiyon da ya dace, kowa ya saya inda ya so. Wallahi saniya ta fi ka jin magana."

"Ke lauyata ce ko tasu?"

Yana da gaskiya a kan tiyon, yana da gaskiya a kan satar. Sai dai gaskiya biyu ba sa halatta wa mutum abin da ba a ba shi ba. A gaban alƙali, lauyan kamfanin ya tambaye shi ko ya taɓa hana manomi bawul saboda tiyo. Elmer ya buga ƙirji: "Na hana, kuma gobe ma zan hana!" Verna ta rufe ido.

Alƙali ya ce ba za a tilasta wa kowa bin takardar ba sai Elmer ya daina haɗa bawul da tiyo. Bai daina ba. Wa'adin takardar ya ƙare, ɓarayin suka cika kasuwa da bawul ɗinsa. Elmer ya tsufa a shagon, takardar na rataye a bango, yana zagin kamfanin ga duk wanda ya shigo sayen tiyo.