Buhun Ƙwallayen da Labbo Ya Ɗauka

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami. Sau da yawa nakan fara, sai in yage takardar. Ina tsoron 'ya'yana su ji, ina kuma tsoron kada ambaton sunan wani bawan Allah ya jawo masa wata fitinar bayan wadda na riga na jefa shi ciki. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Abin da na tabbata shi zan faɗa, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka. Sunana ba zan faɗa ba. Samari masu buga ƙwallo nake so su karanta.

A Abakpa aka haife ni, a nan Kaduna. Mahaifina baduku ne, kuma a gabansa na koyi riƙe basilla da ɗinkin fata. Tun ina ƙarami ni mai fargaba ne. Idan na kulle ƙofa sai na koma na duba, idan na yi alwala sai in yi ta kokwanto ko na wanke gwiwar hannu. Wannan hali ne ya sa na zama mai tsaron gida, domin kullum ina zaton ƙwallo na nan tafe. Bayan yaƙin basasa wani kamfani ya ɗauke ni aiki da sunan masinja, amma ainihin aikina shi ne tsaron raga a kulob ɗinsu.

A can na tarar da Labbo, golan kulob ɗin na ɗaya, mutumin ƙasar Zamfara. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Shi ya koya mini faɗuwa ba tare da na karya kafaɗa ba. Yakan ce, "Ƙanena, gola ba ya kallon ƙwallo, ƙafar mai bugu yaka kallo." A kulob ɗinmu akwai al'ada: gola na biyu shi ke da buhun ƙwallaye. Shi zai ba su iska, ya shafe su da kitse, ya ɗinke wadda ta yage, ya saɓa buhun duk inda za a je. Ƙwallayen atisayenmu irin na da ne, fata a waje, roba a ciki, da baki da ake ɗaurewa da igiyar fata. Da yake ni ne na biyu, wannan buhu a hannuna yake.

Daga nan ɓarnata ta fara, kuma ƙarama ce. Wata ƙwallo ta yage, na ce wa koci ta mutu, na ɗinke ta a gida na sayar wa wasu samarin Rigachikun. Kwana na yi ina istigfari. Amma da na ga ba wanda ya tambaya, sai na sake. Daga baya har da gangan nake farke ɗinkin mai lafiya.

Direban motar kulob, wani Ɗanjuma, shi ya gane. Bai tona ni ba. Dariya ya yi ya ce, "Ɗan baduku, ashe kana da hannu. To tunda ka iya buɗe ciki, ka iya zuba wani abu a ciki." Da agoguna muka fara, muna kaiwa garuruwan da muke zuwa wasa. Sannan ya kawo ƙwayoyin da direbobin manyan motoci ke sha don hana barci. Nakan jera su tsakanin fata da roba, in ba da iska kaɗan, in ɗaure. Ba ɗan sandan da ke tsayar da motar 'yan ƙwallo ya ce zai duba cikin ƙwallo.

Ana haka gwiwar Labbo ta fara ciwo, koci ya mayar da ni na ɗaya. Ranar na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa ya zo ya ɗauke buhun daga kafaɗata ya ce, "Kawo nan. Ba ƙwace ka yi ba, Allah ne yab ba ka. Yau ni ad da buhu, kai ad da raga." 'Yan wasa suka yi ta yi masa tsiya wai tsoho ya koma aji ɗaya, yana dariya yana ce musu ko a benci ya fi su kyau.

Ba a daɗe ba aka gayyace mu wasan sada zumunci a Maraɗi, cikin Nijar. Ɗanjuma ya ce wannan ce tafiyar da za ta yi riba. Na ce masa buhu ya bar hannuna. Ya ce, "Ai ya fi. Wa zai zargi Labbo?" Ana gobe tafiya na je na ce, "Yaya, bari in shafe maka ƙwallayen, ka huta da gwiwar nan." Ya yi mini godiya har da sa albarka. Na cika uku daga ciki na mayar can ƙasan buhu.

Mun isa kan iyaka da rana tsaka. An duba takardunmu lafiya, har mun fara hawa mota, sai wani jandarma, cikin jami'an tsaron Nijar, mai son ƙwallo ya ce, "Wane ne golanku? An ce golan Kaduna ba a ci musu. Ku ba ni ƙwallo in gwada." Labbo ya zazzage buhun gaba ɗaya a ƙasa don mutumin ya zaɓa. Aka tsayar da ni tsakanin ganguna biyu na shingen hanya, kowa yana dariya. Na ga wadda ya ɗauka, na gane ɗaurina. Ya buga, na kama, na rungume ta a ƙirji kamar ba zan saki ba. Shi kuwa ya tsaya yana duban ƙafarsa. Ya ce in miƙo ta. Ya doka ta a ƙasa, ba ta tashi ba. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, sannan ya zaro wuƙa.

Da ƙwayoyin suka zube a kan yashi, dariya ta ɗauke. Ya ce, "Buhun wa ne?" Labbo ya ce, "Ni ad da shi." Ya ce, "Bayan kai, akwai wanda ya taɓa shi?" Labbo bai dube ni ba. Ina tsaye tsakanin gangunan nan, kalma ɗaya ce ake nema daga gare ni. Sai na ji ya ce, "Babu." Suka shige da shi ciki. A bakin ƙofa ya juyo ya ce wa koci a gaya wa iyalinsa kada su damu, in an bincika za a sake shi.

Har yau ban san me ya sa ya ce babu ba. Wataƙila ya rufa mini asiri ne yana jiran in yi magana da kaina. Wataƙila kuma bai taɓa kawowa a ransa zan yi masa haka ba. Na rasa wanne ya fi ciwo.

Koci ya yi roƙo, ba a saurare shi ba, aka ce mu wuce. Abin kunya shi ne, washegari na yi wasan da ban taɓa yin irinsa ba, har fenariti na kama. Wani attajiri mai kulob a can ya nemi in zauna, na yarda nan take, domin ba zan iya komawa Abakpa in bi ta ƙofar gidan Labbo ba. Na tsare raga a Maraɗi, daga baya aka ɗauke ni a Yamai. An tafa mini, an ɗauke ni a kafaɗa, an yi mini kirari da harshen da ba na ji. A duk zamana na Maraɗi nakan bi ta bayan katangar gidan kason da aka tsare Labbo in sunkuyar da kai. Sau ɗaya na sayi abinci zan kai masa, na isa kusa da ƙofa, tsoro ya kama ni, na ba wani mabaraci. Daga baya na ji an mayar da shi wani gidan kason can arewa, amma ban tabbata ba.

Ɗanjuma bai ƙyale ni ba. Duk zuwansa sai ya neme ni ya ce, "Gola, ko ka ɗinka, ko in ba da labarin buhu." Na ci gaba da ɗinki. A wata dawowa gida da na yi aka kama ni da kayan a cikin jakata, kafin in shiga Kaduna. Ɗanjuma kuwa ya ɓace. Alƙali ya ɗaure ni, mahaifina ya rasu ina ciki, ban sallace shi ba. Ko a gaban alƙali ban ambaci Labbo ba, alhali ba abin da ya rage mini da zan yi asara. Fursunoni sukan naɗe tsumma ya zama ƙwallo su ce in tsaya musu a raga, in ce hannuna na ciwo.

Da aka sake ni, gwiwa ta tafi, suna ya ɓaci, ba kulob ɗin da zai dube ni. Gadi na samu a wani gida a Unguwar Rimi. Na tuba, ina roƙon Allah gafara, amma wani malami da na gaya wa ya ce haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Na je gidan da Labbo ya zauna, aka ce matarsa ta jira har ta gaji ta kwashe yara ta tafi. Wasu suka ce Gusau, wasu suka ce Ƙaura. Na je duka biyun. Na koma Maraɗi, ba wanda ya tuna shi.

Samari, ba ni da wata hikima da zan ba ku. Kada ku sayar da abin da aka ba ku amana ko da ya yage. Kada ku ɗauki kayan da za ku ji tsoro a buɗe a gaban mutane. In kuwa har aka tambaya na wa ne, ku ce naku ne tun a tambayar farko, domin ni na yi zaton zan faɗa gobe, goben ba ta zo ba.

Roƙona ga mai karatu shi ne: Labbo dogo ne, baƙi, ƙaramin yatsansa na hagu a karkace yake saboda tsohuwar karaya, yana da 'ya mai suna Hassi. Duk wanda ya zauna gidan kaso a Nijar a waɗancan shekarun ya gan shi, ko ya san inda iyalinsa suke, don Allah ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. In yana raye, ba na sa ran ya yafe mini, so nake dai 'ya'yansa su ji daga bakina cewa ubansu bai san abin da ke cikin ƙwallayen nan ba. In kuwa ya rasu, a taimaka a nuna mini inda aka binne shi.