Jinjina ga Uwar Zama, Wadda Ta Tura Shugaba Benci

Kafin mai shara ya gama da baranda, Uwar Zama ta riga ta buɗe ɗakin taro. Sai ta goge dogon tebur, ta shimfiɗa zanen ginin da za a duba, ta danne kusurwoyinsa da kofuna don kada fanka ta naɗe shi. Sannan ta tsaya tana kallon kujeru kamar mai rabon gado. Wanda kunnensa ya yi nauyi, kusa da Shugaba. Masu zane biyun da ba sa ga maciji, gefe ɗaya, don kada idanunsu su haɗu. Mai dogon bayani kuwa, saitin agogon bango.

Ita ce sakatariyar kwamitin da ke ba hukuma shawara kan gine-ginen jama'a: makaranta, tasha, kasuwa, asibiti. Kwamitin ba ya gini, ba ya hana gini. Baki kawai gare shi, bakin kuma ba shi da nauyi sai mutane sun yarda da shi. Uwar Zama ta yi shekara da shekaru tana gadin wannan yardar, ga shi ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Akwai ƙa'idar da ta ce duk mamban da ke da alaƙa da wanda ya yi zane, ya fita har a gama dubawa. To, wa zai ce wa babba ya tashi? Ita ta samo dabara. Ta sa benci a baranda, kuma duk wanda ya fita, da kanta take kai masa shayi a kofin da ya fi kyau. A hankali fitar ta tashi daga abin kunya ta koma abin tsokana, har ake ce masa bencin surukai.

Sai ga ranar da aka kawo zanen sabon asibitin haihuwa. Gini ne mai ɗaukar ido, amma ƙofar gabansa doguwar matakala ce, hanyar keken marasa lafiya kuwa ta baya aka zagaya da ita, daf da wurin zuba shara. Ranar ce ta ƙarshe. In kwamiti bai ce uffan ba, za a ɗauka ya amince, a fara haƙa tushe. Wanda ya yi zanen kuwa mijin 'yar Shugaba ne.

Shugaba ya gyara zama zai buɗe taro, sai ta rusuna kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, shayinka na baranda."

Kowa a ɗakin ya san shi ya ɗauke ta aiki, shi ya tsaya mata lokacin da aka so a canza ta.

"Ni?" in ji shi. "Ai yaron nan bai taɓa kawo mini zancen ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Mutanen gari ne ba su sani ba."

"To, in na fita ba ku cika ba. Zama ya watse ke nan."

Gaskiyarsa. Ba tare da shi ba, saura mutum ɗaya adadi ya cika. Wanda zai cike gurbin kuwa shi ne tsohon injiniya, wanda ya yi fushi ya daina zuwa tun da aka yi watsi da shawararsa kan wata magudanar ruwa. Ba ta yi gardama ba. Ta ajiye shayi a kan benci, ta roƙi mambobi kada kowa ya motsa, ta ɗauki jakarta.

Direban ofis ne ya ba da sauran labarin, har yau kuma in yana bayarwa sai ya tafa hannu. Sun tarar da tsohon yana ban ruwa a lambunsa, daga shi sai singileti.

"Na ce ba ni zuwa," in ji shi. "Magana muke ta yi kamar zuba ruwa a kwando."

"Baba, ranar da jikarka za ta haihu, ta ƙofar shara kake so a turo ta?"

"Ke dai ba ki da kunya."

"Kunyar ce ta kawo ni da ƙafata, Baba. Ba don ita ba, da direba kawai zan aiko."

Da laka a silifas ya shigo! Yana isa baranda ya ci birki, ya ga Shugaba a zaune, kofi a hannu, fuska a murtuke.

"A'a! Yau kai ne a bencin surukai?"

"Wuce ka yi aikinka, tsoho mai zuciya."

Dariyar da aka kwashe da ita har masu gadi sun ji. Aka zauna, aka duba, aka ba da shawara baki ɗaya: a kawo hanyar keke ƙofar gaba, a sa mata rumfa. Da yake Shugaba ba ya ciki, ba wanda ya iya cewa an yi son kai ko an yi ƙeta, hukuma ta karɓa. Surukin ya sake zane yana gunaguni. Shugaba ya daɗe yana amsa gaisuwarta a taƙaice, ita kuwa ba ta fasa rusunawa ba. Ranar buɗe asibitin, aka gan shi ya kauce wa matakala, ya bi sabuwar hanyar, ya tsaya ya jira ta.

"Taho mu shiga tare," ya ce, "tunda ke kika kore ni."

Uwar Zama, ke ce mai faɗa wa babba gaskiya a rusune. Ba ki taɓa ja layi ɗaya a zane ba, ba ki taɓa jefa ƙuri'a a zama ba, amma ke kika sa bakin kwamitin nan ya yi nauyi. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar cinsa.

Ku kuma masu riƙe da ƙananan kujeru a manyan ofisoshi, ku daina cewa ba ku da ta cewa. Ku leƙa asibitin nan. Kullum ana turo mata masu naƙuda ta ƙofar gaba, cikin inuwa, cikin mutunci, kuma ba ɗaya a cikinsu da ta san wa ya tsaya mata.